Kujerar Gaban Sarauniya

Fadar Versailles, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Pétronille, a gidanmu na Castelmaur.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga wadda ta raine ta, ina fatan sanyin kan dutse bai fara taɓa gwiwoyinki ba. Cukun da kika aiko ya iso. Ya ɗan sha hanya, amma na rufe ƙofa na ci rabinsa ni kaɗai, ban sam wa kowa ba. Ni lafiyata ƙalau, tarin da na gaya miki ma ya tafi.

Gwaggo, akwai maganar da na yi wata uku ina juya ta a raina. Kin san bana shekara huɗu da rasuwar mijina mai sarautar Vaubrune, Allah ya ji ƙansa. Ban taɓa kawo miki ƙararsa ba, kuma babu abin kawowa. Hafsan da ya kawo mini takobinsa daga fagen yaƙi sunansa Baron Thibaud de Lormel, shi ma a yaƙin nan ya baro hannunsa na hagu. Tun daga lokacin yakan zo gaishe ni sau ɗaya a wata. Ba ya daɗewa, ba ya yi da kowa, kuma kin san wannan abin mamaki ne a gidan nan. A watan Yuli ya nemi aurena.

Ba sai na karanta miki dokar fada ba, ke kika koya mini ita tun ban iya ɗaure gashina ba. Matar babban basarake, wadda ake kira dushes, ita kaɗai ke zama a gaban Sarauniya, a kan kujerar nan 'yar tsugunno marar majingina da ake ce wa tabure. Sauran mata kuwa, kome tsufansu, kome arzikinsu, a tsaye suke. Wadda mijinta ya rasu tana riƙe da kujerarsa muddin tana amsa sunansa. Ran da na zama matar baron, mai ƙaramar sarauta, ran nan za a ɗauke tawa.

Na gaya masa haka a lambu, gaban itatuwan lemo. Ya ce, "Na sani, Madam. Shi ya sa na yi shekara biyu ina haɗiye maganar, har ta fara yi mini ciwon ciki."

Na ce, "To me ya sa ka amayo ta yanzu?"

Ya ce, "Likita ne ya ce in rage cin abin da ba ya narkewa."

Na yi dariya, Gwaggo, irin wadda na daɗe ban yi ba. Daga baya ya ce duk yadda na zaɓa ya yarda, ko da auren ɓoye ne irin wanda wasu matan fada ke yi don kada su rasa matsayinsu. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Ke da mahaifina kakanku ɗaya kawai, babu wanda zai zarge ki da kin bar ni lokacin da na zama marainiya ina 'yar shekara shida. Ba ki bar ni ba. Saboda haka ba zan yanke kome ba sai na ji ta bakinki. Babu wanda ya san zancen nan a fada, ina roƙon ya tsaya tsakaninmu.

Ki gaida limaminmu, ki ce ina tuna jan kunnen da ya yi mini a kan satar tuffa.

'Yarki,
Sidonie

Castelmaur, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga DUSHES TA VAUBRUNE.

Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe don ki dube shi da kyau.

Ina gaishe ki. Gwiwoyina suna nan yadda kika san su, ta dama tana gaya mini za a yi ruwa, ta hagu tana ƙaryata ta. Liman ya amsa gaisuwarki, ya ce har yanzu ba ki tuba a kan tuffar ba.

Wasiƙarki na karanta sau uku, na ajiye, na zagaya gida, na dawo na same ta ba ta canza ba. Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki shi duka ba.

Ina da shekara goma sha bakwai aka kai ni fada, zamanin tsohuwar Sarauniya. Lokacin zafi ne. Aka ɗaure mini ɗamarar ciki har ina jin bugun zuciyata a kunne, kuma don tsoro ban ci kome ba tun safe. Muka tsaya. Sa'a ɗaya, biyu, uku. Dushes bakwai suna zaune a gabanmu suna fifita. Cikin sa'a ta huɗu na ga fitilu suna juyawa, na miƙa hannu neman abin kamawa. Matan da ke kusa da ni suka tattare bakin rigunansu suka ja baya. Na zube a gaban kowa. Ina farfaɗowa na ji wata daga kan kujera tana cewa, "Ashe awakin dutse ba su iya tsayuwa a fili ba." Har Sarauniya ta rufe baki da mafici. Saurayin da aka yi maganar aurenmu da shi bai sake zuwa ba, ni kuma ban sake taka fada ba. Shekara hamsin da huɗu ke nan.

Shekara ɗari biyu matan Castelmaur suna tsaye a gaban sarauniyoyi. Ke ce ta farko da ta zauna. Ranar da labari ya iso, sha biyu ga Yuni, na sa aka kaɗa ƙararrawar coci har igiya ta tsinke, kuma kin san kowace shekara a ranar sai an kaɗa ta, sau goma sha takwas ke nan. Manoman nan da ba su taɓa ganin Versailles ba, in suka je kasuwar garin maƙwabta sai su ce, "Tamu zama take yi." Yanzu me kike so su ce?

Ban ce mutumin naki mugu ne ba. Wanda ya bar hannu a fagen yaƙi ya cancanci a gaishe shi. Kuma na ga yana da hankali, tun da kin ce ya yarda da auren ɓoye. To magana ta ƙare. Liman ɗaya, shaidu biyu, ƙofa a rufe. Allah ya sani, ai shi ake wa aure, ba masu fifita ba.

Don in rage miki wahala na rubuta wa Madam de Rochegude, shugabar matan da ke hidimar Sarauniya. Gado ɗaya muka kwana da ita a makarantar 'yan zuhudu, ba za ta ƙi ni ba. Na roƙe ta ta nemo miki yardar Sarki a rubuce, ki yi aurenki kujerarki tana nan. Kada ki gode mini. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau hasumiyar coci ba zai hango shi ba.

Na sa an ɗaure miki zuma tulu biyu.

Gwaggonki,
Pétronille de Castelmaur

Fadar Versailles, 6 ga Disamba

Gwaggona,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi wa gwiwoyin nan biyu fatan sulhu. Zuma ta iso lafiya. Labarin da kika ba ni kuwa, na yi kwana biyu ban iya kallon matan da ke tsaye a bayana ba. Me ya sa kika riƙe shi shekarun nan duka ke kaɗai?

Amma dole in gaya miki, wasiƙar da kika aika wa Madam de Rochegude ta riga tawa isowa da kwana biyar. Ƙila ba ki sani ba, kunnenta ya yi nauyi, kuma mai nauyin kunne yana zaton kowa irinsa ne. A babban zaure ta tare ni, ana fitowa daga coci, mutum ya fi ɗari. Ta kama hannuna ta ce, a ganinta raɗa take yi, "'Yar Pétronille, ashe auren ɓoye za ki yi da mai hannu ɗayan nan?"

Na ce, "Madam, a hankali."

Ta ce, "Ai a hankali za a yi shi, kada ki damu, babu wanda zai ji."

Dushes ta Bréhal tana gefenmu, ta yi tari a cikin maficinta har hawaye. Kafin la'asar masu gadin ƙofa ma sun fara gaishe ni da wani irin murmushi.

Gwaggo, ban ce miki mun shirya auren ɓoye ba. Cewa na yi ya yarda da duk abin da na zaɓa, kuma ban zaɓa ba. Na san don ni kika yi, ba na riƙe ki a rai. Amma an yanka ta tashi.

Takardar ta fito, tana cikin akwatina. Sarki ya yarda in riƙe kujerata bisa sharaɗi. Sunana zai ci gaba da zama Vaubrune. Ba za a yi shelar auren a coci ba. Baron ba zai shiga karusata ba, ba zai zauna a teburina in akwai baƙi ba. In muka haɗu a zaure zai cire hula ya ce mini "ranki ya daɗe" kamar kowa. In Allah ya ba mu haihuwa, a ƙauye za a raini yaron da wani suna. Kowa zai sani, babu wanda zai faɗa. Haka ake yi.

Na karanta wa Baron. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Hula dai da hannu ɗaya ake cire ta, wannan ba zai gagare ni ba."

Na ce, "Sauran fa?"

Ya ce, "Sauran ma zan koya. Na koyi ɗaure takalmi da haƙori, Madam."

Yana faɗa yana murmushi, amma idonsa na kan taga.

Akwai tsohuwar Dushes ta Sarlande a nan, ƙila kin taɓa jin sunanta. Shekara ashirin ta yi da wani mutumin kirki a irin wannan aure. Bara ya rasu. Ba ta da ikon sa baƙin kaya, tun da a idon fada ba mijinta ba ne. Kwana uku da binne shi aka yi rawa a fada, ta zo cikin riga ruwan hoda, ta zauna a kan kujerarta, tana kaɗa kai daidai da kiɗa. Ina kusa da ita. Na ga yadda ta danne mafici a cinyarta har ya karye. A lokacin ban san dalili ba, sai yanzu aka gaya mini.

Ban yanke ba tukuna. Amma ina tambayarki, ke da kika hana ni ɓoye ko ƙwarar tuffa a aljihu: miji guda zan ɓoye?

'Yarki,
Sidonie

Castelmaur, 4 ga Janairu

Sidonie,

Ina lafiya. Dusar ƙanƙara ta kai taga.

Rochegude tun muna yara ba ta iya raɗa ba, laifina ne da na manta. Amma takardar Sarki na hannunki, abin da mata ɗari ke kuka a kansa ba su samu ba. Matar Sarlande ta karya mafici ɗaya. Ni rayuwa guda na karya a kan daɓen nan.

Ba a mayar wa Sarki kyauta. In kika yi, hannuna ba zai iya rubuta sunan Lormel a bayan takarda ba. Ba ni da abin da zan ƙara.

Pétronille de Castelmaur

Fadar Versailles, 10 ga Fabrairu

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina fatan itacen wuta ya wadace ku. Ni lafiya lau.

Jiya na mayar da takardar. Na kai wa Madam de Rochegude da hannuna, na durƙusa, na ce a gaya wa Sarki babu baiwarsa da ta fi ni godiya, amma aurena a fili zan yi shi. Ta dube ni. Sannan ta ce, wannan karon a hankali ƙwarai, "Taurin kan Pétronille ne sak." An ce da aka gaya wa Sarki bai yi fushi ba, ya ce kawai, "To, ta tsaya."

Baron bai san zan yi ba. Da na gaya masa sai ya zauna a kan akwatin da ke bakin ƙofa. Can ya ce, "Madam, kin yi mugun ciniki. Kujera mai ƙafa huɗu kika bayar kika karɓi mutum mai hannu ɗaya."

Na ce, "Kujerar ba ta taɓa ba ni dariya ba."

Ba a ɗaura aure cikin azumin kwana arba'in, don haka mun sa ranar Talatar da ke bin bikin Ista. Za a yi shela a coci Lahadi uku a jere, da sunana da nasa, kowa na ji.

Gwaggo, ban raina ƙararrawarki ba. Shekara goma sha takwas duk lokacin da na zauna sai na tuna ke. Amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ke kika faɗa mini. Ina roƙon ki sa mini albarka. Layi ɗaya ya ishe ni. In ba ki iya rubuta sunan ba, ki bar shi, albarkar kawai nake nema.

'Yarki,
Sidonie

Fadar Versailles, 27 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na tambayi wani mai sayar da alfadarai daga wajenku, ya ce hanya ta buɗe tun farkon Maris, kuma ya gan ki a coci da ƙafarki. Na gode wa Allah da lafiyarki. Na kuma gane ba dusar ƙanƙara ce ta tare amsarki ba.

An ɗaura auren. Mutane kaɗan ne suka zo, waɗanda suka zo kuwa da zuciya ɗaya suka zo. Na sa an ajiye miki wuri a layin gaba. Babu wanda ya zauna a wurin.

Mako goma sha ɗaya ina aikawa a duba mini wasiƙa. Daga yau na daina. Ba zan sake damunki ba, amma ki sani ban yi abin kunya ba, kuma ba zan sunkuyar da kai don shi ba, ko a gabanki.

Ranar Alhamis shida ga Mayu Sarauniya za ta yi zaman manyan mata, shi ne na farko tun aurena. Wasu sun ce in yi ƙaryar ciwon kai. Zan je.

Sidonie de Lormel

Castelmaur, 2 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki. Ƙirjina ya ɗan kama ni a Fabrairu, ya sake ni. Na yi sa'a guda da alƙalami a hannu ban san abin da zan rubuta a bayan takardar nan ba. Vaubrune kin ajiye shi, ɗayan kuma na riga na yi rantsuwar banza a kansa. Sai na rubuta wanda aka raɗa miki a cocin nan, Sidonie de Castelmaur. Shi dai babu sarkin da ya ba ki, babu mai karɓe shi.

Na yi fushi kwana tara. Na kai ƙararki wurin liman. Ya ce, "Madam, ke kika kawo mini yarinyar nan a kan tuffa ɗaya kika ce in ja mata kunne don ta ɓoye. Yanzu kuma so kike in ja mata don ta ƙi ɓoyewa? Kunnen nawa gare ta?" Na ce masa tsufa ya fara taɓa shi. Na dawo gida na ga gaskiyarsa.

Tun da za ki tsaya, to ki tsaya daidai. Shekara hamsin da huɗu ina tunanin abin da ya kayar da ni, babu wanda ya fi ni sanin wannan karatu a ƙasar Faransa. Ki saurara.

Ki ci burodi da gishiri kafin ki fita, ko ba kya jin yunwa. Ruwa kaɗan. Lokacin da ake ɗaure miki ɗamarar ciki ki cika ƙirjinki da iska ki riƙe, kada ki bar mai ɗaurin ta yi yadda take so. Takalmin da kika saba da shi za ki sa, ba sabo ba, riga za ta rufe shi. Kada ki ƙame gwiwoyinki, ki bar su da ɗan lanƙwasa, babu mai gani. Ki riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, kina sauya nauyinki daga dama zuwa hagu duk bayan addu'a ɗaya a zuci. Kada ki kalli fitilu. Ki zaɓi abu ɗaya da ba ya motsi ki ajiye idonki a kansa. Ki nisanci murhu, ki nemi kusa da taga. Ki sa ɗan ƙyalle mai ruwan tsami a hannun riga.

In wata ta yi miki baƙar magana, ki amsa da ladabi, gajere, kada ki bar mata bashin amsa har gobe kamar yadda na bari.

Albarka kuwa, tun kina 'yar shekara shida na sa miki ita, ban taɓa janyewa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki gaya wa mutumin, in ya sa ki kuka, hannu ɗayan ma zan zo in karɓa.

Gwaggonki

Fadar Versailles, 8 ga Mayu

Gwaggona, Gwaggona,

Ina gaishe ki, kuma kafin kome ki yafe mini wasiƙata ta ƙarshen Afrilu. In ba ki ƙone ta ba, ki ƙone ta.

Taki ta biyu ga Maris sai ranar Laraba ta zo hannuna, ana gobe zaman. Wata biyu tana kwance wurin masu rabon wasiƙu. Babu wanda ya san wata Sidonie de Castelmaur a Versailles, a nan ba a san mace da sunan gidan ubanta ba. Har sun sa ta cikin waɗanda za a mayar, sai Madam de Rochegude ta ga rubutun ta ce, "Wannan tafiyar kaza ta Pétronille ce." A tsaye na karanta ta. Baron ya ce in gaya miki zai kula da hannun, yana da amfani da shi.

Na ci burodi da gishiri. Na cika ƙirji da iska. Na sa tsohon takalmina.

Da na shiga, ɗakin ya yi tsit. Akwai wani tsohon bafade, Gratien, wanda shi ke ajiye mini kujera shekara goma sha takwas. Yana ganina hannunsa ya riga tunaninsa, ya ɗauko ta ya ajiye a inda ya saba, ta uku daga hannun daman Sarauniya. Kowa ya zuba ido. Na ce masa a hankali, "Gratien, mayar da ita. Mai ita ba ta nan." Fuskarsa ta yi ja, ya ɗauke ta rungume a ƙirji kamar jariri. Na wuce na tsaya a layin baya, kusa da taga.

Dushes ta Bréhal ta juyo daga kan tata ta ce, "Madam de Lormel, ƙafafun naki sun tuna aikinsu kuwa?"

Jiya-jiya da sunanta nake kiranta. Na rusuna na ce, "Ranki ya daɗe, a kan dutse suka koya. Fili ba zai ba su wuya ba."

Ba ta san tsohon zancen ba, amma Madam de Rochegude ta sani, kuma wannan dai ta ji shi. Ta yi dariya har ta buga sandarta a ƙasa.

Na zaɓi wani tsuntsun zinariya a jikin agogo na ajiye idona. Sa'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Gwaggo, shekara goma sha takwas ban san haka bayan ɗakin nan yake ba. Ana jin numfashin mutane. Akwai wata tsohuwa mai shekara saba'in da ke jingina da bango da yatsa biyu a ɓoye.

A gefena akwai wata amarya daga Poitou, Madam de Fontgrave, ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, ranar ce zuwanta na farko. Cikin sa'a ta uku na ga leɓenta ya yi fari, tana kallon fitilu. Sai ta miƙo hannu tana laluben iska. Matar da ke ɗaya gefenta ta tattare bakin rigarta.

Na kama gwiwar hannunta na matse ta a jikina. Na ce, "Saki gwiwoyinki. Motsa yatsun ƙafa. Ga tsuntsu can a jikin agogo, kada ki daina kallonsa." Na zaro ƙyallen ruwan tsami na sa mata a tafin hannu.

Ta ce, "Madam, zan faɗi."

Na ce, "Ba yau ba. Wadda ta koya mini ta riga ta faɗi a madadinmu duka."

Muka tsaya haka, rigata ta rufe hannuwanmu, har Sarauniya ta tashi. Sa'a uku da kwata. Babu wanda ya faɗi. Da Sarauniya za ta fita ta bi ta gabanmu, ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ɗan sunkuyar da kai. Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

A waje yarinyar ta tambaye ni wace ce malamar tawa. Na faɗa mata sunanki cikakke, na sa ta maimaita.

Ƙafafuna sun kumbura, Baron ya jiƙa mini su a ruwan ɗumi yana ta mita a kan dokokin fada. Amma ina ta tunanin abu ɗaya. Da ina kan kujerata, ta uku daga dama, da bayana na bai wa yarinyar nan. Sai dai in ji ƙarar faɗuwarta.

'Yarki,
Sidonie

Castelmaur, 1 ga Yuni

Zuwa ga MADAM DE LORMEL.

Kin gani, hannun ya rubuta, bai karye ba.

Ina gaishe ki, ina gaida Baron. Gwiwoyina sun yi sulhu, duka biyun ciwo suke yi.

Wasiƙarki ta Afrilu na ƙone ta. Ta Mayu kuwa na sa liman ya karanta wa jama'a bayan addu'ar Lahadi, ban da zancen kumburin ƙafa. Ya tambaye ni ko bana za a fasa ƙararrawar sha biyu ga Yuni. Na ce a fasa. Na ce amma yanzu-yanzu a kaɗa ta, kuma daga baɗi ranar shida ga Mayu ce.

Ya ce, "In mutanen garin maƙwabta suka tambaya, me za a ce musu?"

Na ce, "A ce musu tamu tsayuwa take yi."

Igiyar ba ta tsinke ba, sabuwa ce. Ni ma na ja sau uku da hannuna.

Ku zo lokacin tsinkar tuffa, shekara goma sha ɗaya ban ga fuskarki ba. Ki taho da yarinyar Poitou in mijinta ya bari. Kujeru sun yi yawa a gidan nan, duka da majingina, kuma babu mai tambayar sarautar kowa kafin ya zauna.

Gwaggonki,
Pétronille